Earl Ɗinmu na Aro

Ina cikin yi wa mijina Murdo aski aka kawo takardar. Na shafa masa kumfa a haɓa ke nan sai Rhona, shugabar ma'aikatan jinya na gidan tsofaffin da yake zaune, ta leƙo ta ce, "Senga, in kin gama ina son ganinki."

"Faɗi a nan," na ce. "Murdo ba ya kai tsegumi ko'ina."

Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikin mijina ya shanye, bakinsa ma ya tafi. Amma yana ji, yana kuma ganewa, duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni. Rhona ta miƙo mini takardar ba ta kalle ni ba. Majalisar gunduma ce ta rubuto. Wai ginin Gidan Earl ya tsufa, wai za a rufe shi a kwashe tsofaffi goma sha taran da ke ciki a kai su sabon gida a Dalgarvie, ƙetaren ruwa. Za su jefa ƙuri'a a kan maganar a watan Mayu na baɗi.

Daga ƙofar gidana zuwa gadon Murdo tafiyar minti takwas ce, goma in gwiwata ta tashi. Safe da yamma nake zuwa. Dalgarvie kuwa sai ka hau bas, ka shiga jirgin fito, ka sake hawa wata bas, awa uku kafin ka isa, ranar da teku ta yi fushi kuma babu jirgin. Shekarata saba'in da uku, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Wajen ƙarasa askin har na yanke shi a ƙasan kunne, abin da ban taɓa yi ba.

Daga nan gidan Effie na wuce, ƙanwar Murdo. Shekara hamsin muna cacar baki da ita, ba ta taɓa yarda cewa na iya dafa kifi ba. Ta karanta takardar a tsaye, ta ajiye, ta ɗora ruwan shayi.

"To matar yaya, kuka za ki zauna yi ko rubutu?"

"Rubutu ga wa? Ga waɗanda suka rubuto?"

"Ga Earl mana! Ke dai kanki a kwano yake. Me ake da Earl in ba don rana irin wannan ba? Kin manta ɗakin karatu na Portskail? An gama magana za a rufe, wata 'yar gidan sarauta ta zo ta ja labule, aka ɗauki hoto, har yau yana nan a buɗe. Wa zai rufe abin da jiya-jiya aka gan shi a jarida yana wangale baki a gabansa?"

Gaskiyarta, ko da yake ban gaya mata ba.

Ina 'yar shekara goma sha uku aka ba da sunan garinmu, Ardfenna, a matsayin sarauta. Autan Sarkin wancan lokaci ne zai yi aure, da safiyar ranar bikin, kamar yadda aka saba, uban ya ba shi sarauta uku a jere: Duke na Lanbury a Ingila, Earl na Ardfenna a nan Scotland, da wata ƙarama ta wani ƙauye a Ireland. Babu wanda ya tambaye mu. A rediyo muka ji, kamar kowa. Daga baya aka ce sunan ya daɗe ba mai shi, shi ya sa aka ɗauko shi. Bayan wata uku ango ya zo ya buɗe gidan tsofaffin nan, mu 'yan makaranta muna tsaye cikin ruwan sama da 'yan tutoci. Minti arba'in ya yi, bai sake dawowa ba. Da ya haifi ɗa namiji, sai ɗan ya ari sarautar uban ta biyu, tunda uban yana da babba ta amfanin yau da kullum. Wannan ɗan shi ne Earl ɗinmu. Shekararsa hamsin da takwas, sunansa na kan takardun gidan a matsayin uban gida, hotonsa na rataye a falon, bai taɓa taka Ardfenna ba.

Na zauna na rubuta shafi uku da hannuna. Na ce gidan zai cika shekara sittin a watan Mayu, ya zo ya taya mu murna. Na kuma gaya masa gaskiyar abin da ya sa nake so ya zo, na ba shi labarin Murdo da jirginsa na kamun kifi da tagarsa da ke kallon bakin ruwa.

Sati shida shiru. Sai ga ambulan mai kauri da tambari. Layi huɗu ne a ciki, wani Mista Averill ya sa hannu. Wai Earl ya umarce shi ya gode mini, wai gayyata irin wannan sai ta biyo ta hannun wakilin Sarki na gunduma.

Wakilin Sarkin namu wani tsohon Kanar ne mai karnuka biyar. Ya karɓe ni a falonsa, na miƙa masa wasiƙar, ya sa tabarau, bai wuce layin farko ba ya fara girgiza kai.

"Misis Tulloch, kin rubuta Yarima."

"Eh."

"Ba Yarima ba ne."

"Jikan Sarki ne ko ba jikan Sarki ba ne?"

"Jika ne."

"To?"

"Lokacin da aka haife shi fada ta ga ya fi dacewa a kira shi da sarautar mahaifinsa ta biyu. Yana da haƙƙin ɗayar, amma ba ya amfani da ita. Wannan da yake amfani da ita kuma ba tasa ba ce, ta mahaifin ce."

"Ranka ya daɗe, wadda take tasa ba ya amfani da ita, wadda yake amfani da ita ba tasa ba ce?"

"Yawwa, kin gane," in ji shi, har da murmushi.

Ni ban gane komai ba sai cewa wani kare yana lasar mini takalmi. Na koma gida na sake rubutawa. Kanar ya dawo da ita, wai ta yi tsawo, kuma kada in ambaci majalisa ko ƙuri'a, domin gidan sarauta ba ya shiga siyasa. Na ce Murdo ne siyasa? Ya ce in cire Murdo ma. Na cire mijina daga wasiƙar da na rubuta saboda shi, raina yana tafasa. Kafin Kanar ya dawo daga hutunsa ya tura ta, an riga an yi zaman tsara tafiye-tafiyen Earl da kwana huɗu. Sau biyu kacal ake zaman nan a shekara. Sai Nuwamba.

Wata shida na yi ina jiran mutane su zauna su buɗe littafi. Kullum Effie sai ta tare ni a hanya: "Ina labarin saurayinki na Landan?" In ce mata yana gaishe ta, ya ce ta rage gishiri a miya. Murdo kaɗai nake gaya wa fargabar da nake ciki. Ina goge masa baki ina ce masa, "Tsoho, kada ka damu, babu inda za ka." Shi kuwa sai ya bi ni da ido.

A ƙarshen Nuwamba amsa ta zo. Earl na Ardfenna zai ziyarci Gidan Earl ranar sha huɗu ga Mayu, daga ƙarfe sha ɗaya zuwa sha ɗaya da minti talatin da biyar. Ƙuri'a kuwa ranar ashirin da ɗaya ce. Na karanta a bakin ƙofa, na sake karantawa, na fita da silifas ɗin gida na haura har wurin Murdo ban sani ba. Rhona ta rungume ni. Effie ta ce, "To, ashe kina da amfani."

Ka zo ka ga yadda gari ya juya! Shugaban majalisa, wanda na yi ta bugo masa waya ana ce mini yana taro, shi ne ya tsayar da motarsa a titi don ya gaishe ni. Aka turo masu fenti, suka shafe gaban ginin da aka ce ya tsufa, bayan kuwa ko oho. Matarsa ta sayi sabuwar hula. Wata da ke aiki a ofishinsu ta raɗa wa Rhona cewa ana shirin ɗage ƙuri'ar har sai abin da hali ya yi. Muka ba da aikin allon tagulla, aka zana sunan Earl da kwanan wata, aka kafa shi a bangon falo, Effie ta ɗinka masa ɗan labule shuɗi.

A watan Maris Mista Averill ya zo da kansa duba hanya. Siriri ne, mai tsabta kamar sabon cokali, yana magana a hankali kamar a gidan makoki. Ya ƙirga matakalar ƙofa. Ya taka daga mota zuwa falo yana kallon agogo. Ya ja igiyar labulen Effie sau uku ya ce a mayar da ita dama. Kada a sa fure mai ƙamshi. Kada kowa ya fara miƙa hannu. Effie ta ce za ta gasa kek mai hawa uku.

"Earl ba ya cin abinci a gaban jama'a, Madam."

"To ya kalla," in ji Effie. "Mu ma ai shekara hamsin da takwas hotonsa muke kallo."

Duk wannan na shanye. Sai da muka zo ɗakin Murdo. Mista Averill ya tsaya a ƙofa, ya dubi yawun da ke gefen bakinsa, ya duba takardarsa, ya rage murya.

"Ina ganin wannan ɗakin za mu wuce shi. Earl ya fi sakewa da waɗanda za su iya amsa masa. Minti biyu ne, kin gane, kuma lokacin a ƙididdige yake."

Na sha gabansa.

"Bawan Allah, kalle shi da kyau. Mutumin nan shekara talatin yana fita da jirgin ceto cikin guguwa, ya tsamo mutane goma sha ɗaya daga tekun can da kake gani ta taga. Bai taɓa tambayar ko za su iya amsa masa ba. Saboda shi na rubuta. Kun sa na cire shi daga takarda, na cire. Daga ɗakinsa kuma ba mai cire shi. In minti biyu ne matsalar, ku rage daga na shugaban majalisa."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya rubuta wani abu, ya ce za a duba. Da jadawalin ya dawo, ga shi nan a rubuce: Mista Murdo Tulloch, minti ɗaya da rabi. Na karɓa.

Ranar biyar ga Mayu, saura kwana tara, ina wanke kofin shayi da safe rediyo ya ce Duke na Lanbury ya rasu cikin barcinsa yana da shekara casa'in da ɗaya. Allah ya sani abin da na fara ji tausayi ne. Na tuna shi yana matashi, ruwa yana zuba daga hularsa, yana ɗaga mana hannu. Har na ce a raina, wayyo Earl, ya yi rashin uba, zai zo mana da baƙin ɗamara a hannu. Sai ga Effie ta banko ƙofa, gashinta ko tajewa ba ta yi ba.

"Kin ji?"

"Na ji. Allah ya ji ƙansa."

"Ke! Bugo musu waya yanzu-yanzu."

Sai da na kwana biyu ina bugawa kafin Mista Averill ya ɗauka. Na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan na tambaya ko Earl zai zo a lokacin da aka sa, ko za a ɗan matsa saboda jana'iza.

"Misis Tulloch, ai babu Earl na Ardfenna yanzu a yadda kike nufi."

"Shi ma ya mutu ne?"

"A'a. Ya zama Duke na Lanbury tun daga lokacin da numfashin mahaifinsa ya tsaya."

"To madalla. Duke ɗin ya zo."

"Alkawuran da ya ɗauka yana Earl duk sun faɗi. Akwai zaman makoki, sannan za a sake duba duk wuraren da yake wa uban gida, a ga waɗanda suka dace da sabon matsayinsa."

"Mista Averill, mutumin nan dai shi ne? Ƙafafunsa su ne na makon jiya? Hannun da zai ja igiyar da ka sa aka mayar dama, yana nan jikinsa?"

"Na fahimci ɓacin ranki."

"Ba ka fahimta ba. Jana'iza ranar sha ɗaya ce, na ji a rediyo. Mu sha huɗu muka ce. Minti talatin da biyar!"

"Za a iya sake miƙa buƙatar ta hannun wakilin Sarki. Akwai zama a Nuwamba."

Na ce masa ƙuri'a ranar ashirin da ɗaya ga wannan watan ce, ya ce wannan ba hurumin ofishinsu ba ne. Sai wata dabara ta faɗo mini.

"Tsaya. Ka ce sunan aro ne, uba yana ara wa ɗa. To yanzu wa aka ara wa? Ko wane ne, a turo mana shi. Ko a goye yake, mu muna so."

Ya gyara murya.

"Duke 'ya'ya mata uku gare shi. Takardar da aka naɗa mahaifinsa da ita ta ce magada maza. Sarautar tana hannun Duke, amma babu mai amsa sunan yanzu."

"Har yaushe?"

"Bayan ransa za ta koma hannun Sarki. Wataƙila wata rana a sake ba wani."

Na ajiye wayar ban yi sallama ba. Wata goma sha huɗu ina bin mutum, ranar da na kama shi sai aka ce sunan ne ya zame daga jikinsa, an ninke an sa a akwati. Na zauna a kujerar kicin na yi kuka irin na haushi, wanda ba ya rage komai. Effie ba ta tsokane ni ba ranar, shi ya ƙara tayar mini da hankali.

Washegarin jana'iza wayata ta yi ƙara. Muryar mace ce, a gajiye.

"Misis Tulloch? Sunana Verity. Ni ce babbar 'yar Duke. Ina taimakawa a ofishin Baba, ni nake buɗe wasiƙu. Na karanta taki ta farko, mai shafi uku. Yaya Mista Tulloch?"

Wata goma sha huɗu, ita ce ta farko a cikinsu da ta tambayi lafiyarsa. Ta ce ta roƙi mahaifinta ya zo, waɗanda ke kewaye da shi sun ce ba zai yiwu ba. In muna so, ita za ta zo ranar sha huɗu. Na ce muna so, ranki ya daɗe, muna so ƙwarai. Na ruga wurin Kanar ina haki.

Ya saurare ni yana shafa kan kare.

"Lady Verity yarinyar kirki ce. Amma kin san wannan ziyarar ƙashin kanta ce."

"Ma'ana?"

"Ba za a sa ta a jadawalin fada ba. Ni ba zan tarbe ta da kayan sarki ba, babu 'yan sanda, ofishina ba zai kira 'yan jarida ba. Allon kuma ba za a buɗe ba, tunda sunan da ke jiki ba nata ba ne."

"Jinin dai ɗaya ne! Da namiji ce, yau ita ce Earl ɗin."

"Da namiji ce, eh," in ji shi. "Za ki sha shayi?"

Ban sha ba.

Ranar sha huɗu ta zo da rana mai kyau, abin haushi. Mun jera tsofaffi a falo, kowa da kayansa na coci. Na sa wa Murdo rigarsa ta jirgin ceto. Kujeru goma sha biyu da muka ware wa 'yan majalisa a gaba suka zauna wayam. Shugaban ya aiko cewa wani aiki ya taso masa, matarsa ma da hularta ba mu gan su ba. Ɗan jaridar gunduma ya tafi gasar tumaki a Portskail. Lady Verity ta sauko daga jirgin fito a wata 'yar mota mai laka, ita kaɗai, da baƙar riga da takalmin roba. Effie ta raɗa mini, "Wannan ce? Ai na ɗauka mai kawo magani ce."

Minti talatin da biyar aka yi mana alkawari, ita awa uku ta yi. Ta gaisa da duk goma sha taran. Ta ci kek ɗin Effie yanka biyu, a gaban jama'a. Ta ja kujera ta zauna kusa da Murdo ta tambaye shi sunan jirginsa, ta jira, ba ta yi sauri ta amsa wa kanta ba kamar yadda mutane ke yi, har ya motsa leɓe na fassara mata. Duk wannan yana faruwa labulen shuɗi yana rufe a bango, kowa yana yi kamar bai gan shi ba.

Ni kuwa maimakon in ji daɗi sai haushi ya ƙara cika ni. Da na raka ta mota na kasa riƙe bakina.

"Ranki ya daɗe, kin kyauta, Allah ya saka. Amma ki gafarce ni, zuwanki bai tsinana mini komai ba. Ni ba kirki nake nema ba. Hoto nake nema, da suna a ƙarƙashinsa."

Ban san me na zata za ta yi ba. Ta tsaya da makulli a hannu.

"Na sani," ta ce. "Tun ina 'yar shekara shida aka zaunar da ni aka yi mini bayani. Ranar da aka haifi ƙanwata ta biyu, kakana ko asibitin bai je ba."

"To ki sa babanki ya rubuta musu layi biyu. Layi biyu kawai."

"Na roƙe shi. Ba zai iya gaya wa majalisa abin da za ta yi ba, ba a yarda ba. Abin da aka yarda ya yi shi ne ya zo ya tsaya ya yi murmushi."

"Shi ɗin ma ai ya gagara."

"Ya gagara," ta ce. Idonta ya kawo ruwa, nawa kuwa a bushe yake ƙamas. Na san ban yi mata adalci ba, ita kaɗai ce ta zo, kuma ita na sauke wa. Har yau abin yana damuna. Ta rubuta wa majalisa da sunanta, ta aiko mini da kwafi. Aka karanta a zaman, aka gode mata, aka wuce.

Na je zaman ranar ashirin da ɗaya, na zauna a benen 'yan kallo ni da Effie. Minti goma sha biyu suka yi a kan maganar, bayan sun ɓata awa guda a kan wurin ajiye motoci. Tara suka ce a rufe, shida suka ce a bari. Shugaban bai ɗaga kai ya dubi inda muke ba. Effie ta miƙe ta ce masa, "Ka gaishe da mai hula!" Aka fitar da mu.

A watan Satumba aka kwashe su, uku-uku. Ranar Murdo Talata ce. Na shiga motar asibitin tare da shi, muka hau jirgin fito, aka bar mu a ƙasa cikin motoci inda ba a ganin ruwa. Sabon gidan yana da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Ɗumi, tsabta, ma'aikata masu fara'a, suna kiransa Mista Tullis har sai da na gyara musu sau uku. Na jera masa kayansa a durowa, na nuna wa yarinyar da za ta kula da shi yadda ake juya shi ba a taɓa kafaɗar da ke ciwo ba. Ta ce kada in damu, duk yana cikin fayil.

Jirgin ƙarshe na komawa ƙarfe uku da rabi yake tashi, bas ɗin da ke kai mutum wurinsa kuma biyu saura minti goma. Ƙarfe ɗaya da rabi na fara sa kot. Murdo yana kallona. A Gidan Earl in na sa kot ya san da yamma zan dawo, ko juyowa ba ya yi. Na sunkuya na ce, "Tsoho, sai Juma'a. In teku ta bari."

Sai ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya. Na ce masa bas za ta tafi. Bai saki ba. Na ce, "Haba Murdo, kada ka yi mini haka." Bakinsa yana ta motsi, sautin da ke fita ba kalma ba ce, amma shekara hamsin da ɗaya muna tare, na ji abin da yake cewa. Yarinyar ta matso za ta taimaka, na ce ta tsaya inda take. Ni da kaina na ɓamɓare yatsunsa daga rigata, ɗaya bayan ɗaya, ina sakin wannan yana sake kamawa da wancan, har na gama da su duka biyar na ɗora hannun a kan bargo na danne shi.

Na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya bas ta tafi. Tun daga ɗakin har ƙofar waje ina jin muryarsa.